Malamin aljabra da ba ya tsayawa a gaban allo, karatu ne wannan?

Baban Husna:
Assalamu alaikum malamai. Dan Allah ina neman shawararku akan wani abu da ya tsaya min a rai kusan wata biyu kenan. Kamar yadda wasunku suka sani ina zaune a Amurka da iyalina, 'yata tana aji 10, wato kamar SS1 a wajenmu, bana aka sa ta a ajin aljabra na 'yan gaba, irin wanda ake ware wa yaran da suka nuna ƙoƙari. Da farko murna na yi. To amma abin da na tarar ya ɗaure min kai. Babu littafin karatu kwata-kwata, wasu takardu ne kawai cike da tambayoyi, ba babi ba misali ba fomula, tambaya ta 1 akan gudun mota, ta 2 akan layi a jikin giraf, ta 3 wani abu daban. Kullum a ba su 'yan tambayoyi su je gida su yi ta fama, washegari kowa ya je allo ya rubuta yadda ya yi ko da bai ƙarasa ba, sai su zauna su kewaye tebur suna gardama a kai, malamin kuma yana zaune cikinsu wai sai ya daɗe bai ce uffan ba. Yarinyar da ba ta taɓa kuka akan lissafi ba, rannan ƙarfe 11 na dare na same ta tana hawaye akan tambaya ɗaya. Ni dai a sanina malami ke koyarwa ɗalibi ya saurara. Wannan karatu ne, ko in nemi a mayar da ita ajin da ake koyarwa a allo?

Malamin Foda:
Wa alaikumus salam Baban Husna. Wannan da ka kwatanta shi ake kira tsarin Harkness, ba malamin 'yarka ne ya ƙirƙiro shi ba. Asalinsa wata makarantar kwana ce mai suna Phillips Exeter Academy a jihar New Hampshire, tsohuwar makaranta ce tun 1781. A 1930 wani attajiri Edward Harkness, wanda gidansu suka yi arziki da man fetur, ya ba makarantar kuɗi masu yawa da sharaɗin a canza yadda ake koyarwa, a daina jera yara a benci malami na gaba yana ta zuba, a zaunar da su kamar 12 a tebur mai siffar ƙwai kowa na ganin fuskar kowa. Wanda ya dame shi shi ne yaro mai matsakaicin ƙoƙari, wanda ke ɓacewa a cikin aji ba ya tambaya ba a tambayarsa. Daga baya malaman lissafin makarantar suka ajiye littattafan kasuwa suka rubuta nasu tambayoyin, kuma sun sa su kyauta a intanet, shi ya sa wasu makarantu ke ɗauka. Ni ma na sauke su a wayata. Wannan tsallen da kake gani daga wannan tambaya zuwa waccan ba hargitsi ba ne, da gangan aka yi. Za ka ga 'yar ƙaramar tambaya yau, bayan kwana huɗu ta dawo da ɗan ƙari, bayan sati biyu ka tarar ashe fomular kwadratik, wato ta warware lissafi mai x² a ciki, kake ginawa da hannunka ba ka sani ba.

Baba Mai Alli:
Shekara 33 na yi ina koyar da lissafi kafin na ajiye aiki, bari in faɗi nawa ra'ayin. Baban Husna damuwarka tana kan hanya. Abin da ɗan Adam ya yi ɗaruruwan shekaru kafin ya gano, shi ne za a ce yarinya 'yar shekara 15 ta gano a dare ɗaya ita kaɗai a ɗaki? Logarizim sai a 1614 John Napier ya fito da shi bayan shekaru yana aiki a kai. Amfanin malami ai shi ne ya taƙaita wa yaro wannan doguwar tafiyar. Sannan makarantar da Malamin Foda yake magana, tace yara ake yi kafin a ɗauka, ga kuɗin makaranta mai tsada, ga malamai suna kwana kusa da yaran. Yaran da aka tace irin haka ko a gindin bishiya ka zaunar da su za su ci jarabawa. Ba tebur ba ne ya yi aikin.

Malamin Foda:
Baba maganar tacewa gaskiya ce ba zan musa ba. Amma ba a ce yaro ya gano logarizim daga sama ba, tsani ake kafa masa mataki-mataki. Sai an tambaye shi 2 sau kansa sau nawa zai ba da 8, sannan 32, sannan a ce to 20 fa? Ya ga amsar tana tsakanin 4 da 5, ya rasa yadda zai rubuta ta, a lokacin ne ake ce masa ai wannan abin da kake nema yana da suna. Ya ji ƙishi kafin a miƙo ruwan.

Dakta:
Ku ba ni dama in sa baki tunda fannin koyarwa nake. Wannan gardamar taku masu bincike sun daɗe suna yinta. A ɓangaren Baba akwai John Sweller na Ostireliya, a 1985 shi da Graham Cooper sun yi gwaji akan aljabra ɗin nan dai, suka ga ɗalibi sabon shiga ya fi amfana da nazarin misalan da aka riga aka warware fiye da a jefa shi cikin tambayoyi. Dalilinsu shi ne ƙwaƙwalwa abu kaɗan take iya riƙewa a lokaci guda, idan yaro ya ƙarar da ƙarfinsa wajen lalube ba abin da zai rage na koyo. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Manu Kapur da ya yi nasa aikin a makarantun Singafo, ya ga idan aka bar yara suka yi fama da tambaya a rukuni, ko da sun kasa, sannan malami ya zo ya yi bayani, fahimtarsu ta fi zurfi akan waɗanda aka fara yi wa bayanin. Amma ku lura, a wajen Kapur ɗin ma malami yana koyarwa a ƙarshe. Ba a barin yara su tashi haka nan. Shi ya sa tambayar da zan so Baban Husna ya yi wa 'yarsa ita ce: idan sun gama gardamar, malamin yana tattara zancen ya ce ga abin da muka samu yau ku rubuta, ko kawai ƙararrawa ce ke raba su?

Baban Husna:
Dakta na tambaye ta yanzun nan. Tace wani lokaci yana yi, wani lokaci kuma lokaci ke ƙurewa sai ya ce gobe a ci gaba, goben kuma ga sabbin tambayoyi.

Baba Mai Alli:
To ka ji. Nan gizo ke saƙar.

Malama 'Yar Zariya:
Ni ina tare da Dakta amma inaso in ba da misali daga ajina don kar maganar ta tsaya a sunayen turawa. Duk shekara idan na zo kwadratik a SS2 ina fara wa yara da tambayar al-Khwarizmi, malamin nan na Bagadaza wanda daga sunan littafinsa na wajen shekarar 820 aka samo kalmar aljabra ɗin kanta. Tambayar ita ce x² + 10x = 39. Ba na ba su fomula. Nakan ce su zana fili mai kusurwa huɗu wanda kowane gefe x ne, su raba 10 ɗin nan biyu su manna fili mai faɗin 5 a gefen dama, wani mai faɗin 5 a ƙasa, sai in tambaye su me ya rage siffar ta cika. Ba a minti biyar wani zai ce Malama akwai gurbi a lungu, 5 sau 5, wato 25. To 39 a tara da 25 ya ba da 64, gefen babban filin 8 kenan, a cire 5 saura 3. Shikenan x = 3, kuma sun gani da idonsu dalilin da ya sa ake raba lambar tsakiya biyu a ninka ta da kanta, abin da da can hadda kawai suke yi. Bara wata yarinya da ko gaisuwa a hankali take yi ta ɗaga hannu tace Malama ai maines 8 sau maines 8 shi ma 64 ne, me ya sa muka bar shi? Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Aji ya rabu biyu, wasu na cewa fili ba ya da gefe maines, wasu na cewa a gwada a gani. Aka gwada maines 13, 169 a ɗebe 130, sai ga 39. Sai na gaya musu shi kansa al-Khwarizmi bai ɗauki wannan amsar ba don a lissafinsa ba a ƙirga lamba maines a matsayin amsa. Har yau ba a samu yaro a wannan ajin da ke manta cewa kwadratik na iya ba da amsa biyu ba.

Baba Mai Alli:
Malama wannan da kika yi koyarwa ce mai kyau, Allah ya yi albarka. Amma ki duba, ke kika zaɓi tambayar, ke kika ce a zana, ke kika ce a raba 10 biyu. Ba ki zauna kin yi shiru ba. Wannan ban da ja a kai.

Malama 'Yar Zariya:
Haka ne Baba, amma maganar maines 8 ɗin ba ni na kawo ta ba, kuma da ina ta magana a gaban allo ba za ta fito ba. Na yi shekaru ina rubuta alamar tarawa da ɗebewa a gaban sukwaya rut, wato alamar √, suna kwafa, ba wanda ya taɓa tambayata daga ina ta zo.

Auta SS3:
Malamai kuyi haƙuri in sa baki ni ɗaliba ce. Mu a ajinmu na Foda Mas, wato lissafi mai zurfi, mu 19 ne kawai sbd kowa gudunsa yake, amma duk da ƙarancinmu ba mai magana. Ba wai bamu da tambaya bane. Na farko turanci, kana da abin faɗa a ranka da Hausa amma kafin ka juya shi zuwa turanci an wuce wajen, in kuma ka faɗa ba daidai ba a yi maka dariya har a hanyar gida. Na biyu mu mata in ka cika magana a aji sai ace kin fiya rawar kai. Na uku an koya mana tun a gida ba a musu da babba, to ta yaya zan ce wa malami ina ganin layi na uku akwai kuskure? Akwai ranar da na ga an raba x² = 5x da x aka ce amsa 5, ni kuma na ga ai sifili ma yana yi, na yi shiru har aka tashi. A tsakaninmu kam muna gardama sosai in mun haɗu karatu da yamma, da Hausa, kuma gaskiya anan nafi ganewa.

Dakta:
Auta abin da kika gani daidai ne, amsa biyu ce, 0 da 5, kuma rabawa da x shi ya haɗiye ɗayar don ba a raba lamba da sifili. Ki riƙe wannan idon naki. Ya yi min ciwo da kika yi shiru.

Ɗan Damagaram:
Abin da Auta ta faɗa har da mu a Nijar, sai dai mu faransanci ne ke ɗaure harshen yara. Ina koyarwa a lise, wato babbar sakandare, 'yan seri C da D na ɓangaren kimiyya masu shirin BAK, jarabawar gama sakandare. In na yi tambaya da faransanci aji ya yi tsit, in na ce to ku tattauna da na kusa da ku da harshen da kuka ga dama minti uku, sai aji ya kaure kamar kasuwa, kuma in ka kasa kunne lissafin suke yi ba hira ba. Daga nan sai in ce wani ya tashi ya faɗa mana da faransanci tunda da shi za a rubuta jarabawa. Yaran Exeter da harshen da suke mafarki da shi suke gardama, wannan ma wata dama ce da ba a cika ambata ba. Baban Husna ita 'yarka a can aka haife ta ko ta taso a gida?

Baban Husna:
Tana da shekara 11 muka zo. Turancin ta iya shi sosai yanzu, amma tarbiyyar gida ce, ba ta katse mutum in yana magana. Tace akwai yara maza biyu da su ke cinye rabin lokacin, kafin ta gama shirya abin da za ta faɗa sun wuce tambaya ta gaba. Kuma ana ba da maki akan magana a aji, wannan ma yana cikin abin da ke damunta.

Injiniya:
Wannan ita ce babbar cutar tsarin, na gani a jami'a lokacin da nake digiri na biyu a waje. Mai baki ya cinye fili, mai zurfin tunani ya koma ɗan kallo. Amma su masu tsarin sun san da matsalar, akwai abin da malamansu ke yi, a zana teburin a takarda a sa sunan kowa a inda yake zaune, duk wanda ya yi magana a ja layi daga shi zuwa wanda ya amsa masa. In an tashi sai a nuna wa yaran takardar, su ga layuka sun taru a kan mutum biyu wasu ko ɗaya babu. Ka tambayi malamin ko yana yin wannan. In ba ya yi, to ya ɗauki teburin ne ya bar aikin da ke tare da shi. Shirun malami a wannan tsarin ba hutu ba ne, ya kamata a ce yana lura da wa ya yi magana, wa ya buɗe baki ya fasa, wane kuskure ne zai bari ya yi nisa don a koyi wani abu da shi, wanne ne zai tare nan take.

Malama 'Yar Zariya:
Akan maganar kuka da dare kuma Baban Husna, ka sa mata iyaka. Tambaya ɗaya in ta wuce minti 15 ko 20 ba motsi, ta rubuta abin da ta gwada da daidai inda ta maƙale ta rufe littafi ta kwanta. A irin wannan ajin zuwa da aikin da bai ƙarasa ba ba abin kunya ba ne, da shi ake buɗe tattaunawar. Matsalar yaranmu masu ƙoƙari sun saba duk jinga sai sun kai ta cikakkiya an sa musu jan maki, ranar da suka kasa sai su ga kamar ƙwaƙwalwarsu ce ta ƙare. Sannan ta ware littafi guda, duk ranar da aka tashi ta rubuta da kalmominta abin da aka gano yau da misali ɗaya. Tunda ba littafin karatu, wannan shi zai zama littafinta. In ta kasa rubuta komai kwana uku a jere, to da hujja za ka koma wajen malamin.

Malamin Foda:
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da na gwada zangon da ya wuce, don kar a ce sai mai yara 12. Ajina na janar mas SS2 mutum 74 ne, ba tebur ba fanka. Na karanta yadda wani malamin jami'a a Kanada, Peter Liljedahl, yake raba yara uku-uku ba tare da zaɓe ba, su tsaya a tsaye suna aiki a jikin allo maimakon a zaune. Ba mu da alluna, sai na sayi alli na raba, wasu a bango wasu a ƙasan siminti wasu a baranda, ranar dabul firiyod minti 80. Tambaya ɗaya tak na ba su: kana da waya mita 40 za ka kewaye lambu mai kusurwa huɗu, yaya za ka yi ka samu fili mafi girma? Da farko da yawa suka ce ai duk ɗaya ne tunda wayar ɗaya ce. Wani rukuni suka gwada 15 da 5 suka samu 75, na kusa da su suka gwada 12 da 8 suka samu 96, nan gardama ta tashi. Kafin minti 20 kusan kowa ya iso 10 da 10, wato 100. Sai na ce wa ya tabbatar min babu wanda ya fi 100? Wani yaro da ke zama a bencin ƙarshe, wanda ban taɓa jin muryarsa ba in ba a kiran suna ba, yace Malam duba, 11 da 9 ya gaza da 1, 12 da 8 ya gaza da 4, 13 da 7 ya gaza da 9, 15 da 5 ya gaza da 25, duk abin da ake rasawa lamba ce sau kanta. Daga bakinsa muka rubuta (10 + k)(10 − k) = 100 − k², kuma tunda k² ba ya zama maines, ba yadda za a yi a wuce 100. Minti 15 na ƙarshe na zaunar da su na yi bayani a allo suka kwafi nut kamar kullum.

Baba Mai Alli:
Madalla da wannan yaro. Amma Malam ka faɗa mana gaskiya, sau nawa ka yi haka a zangon?

Malamin Foda:
Sau huɗu Baba.

Baba Mai Alli:
Yauwa. Sau huɗu a sati 12 ko 13. Saboda ka san silabus na jiranka, WAEC da NECO ba za su tambayi yaro yadda ya ji a ransa ba, JAMB kuma a kwamfuta ne da agogo na gudu. Foda Mas kaɗai ka duba abin da ke ciki, sods, indisis, log, folinomiyal, fashiyal firakshin, bainomiyal, matiris, bekta, ga kalkulas. In kowane sai an yi minti 80 ana gardama, yaushe za a gama? Kuma akwai abin da ba ya shiga sai da maimaici. Yaron da bai iya buɗe baka biyu ya ninka ba, wanda har yanzu yake rubuta (a + b)² = a² + b², ba tattaunawa yake buƙata ba, tambaya 30 yake buƙata ya yi da hannunsa har abin ya zauna. Ni ina tsoron ranar da za a ce wa malamanmu matasa ga sabon yayi, su daina shirya darasi su ce yara ku tattauna, alhali su kansu ba su warware tambayar ba kafin su shigo aji.

Dakta:
Baba wannan tsoron naka na ƙarshe ni ma ina da shi, don tsarin ya fi buƙatar malami mai ƙarfi akan koyarwar allo. A allo hanya ɗaya ka shirya ita za ka bi. A tattaunawa yaro zai zo da hanyar da ba ka taɓa gani ba, dole a take ka gane daidai ce ko kuskure, in kuskure ce a ina. Amma akan yawan yara, a duba Japan. A binciken ƙasa da ƙasa akan lissafi da kimiyya mai suna TIMSS na 1995 an ɗauki bidiyon darussan lissafi na aji 8 a Jamus da Japan da Amurka, aka ga a Japan sau da yawa darasi kan ginu ne akan tambaya ɗaya ko biyu, yara su yi fama, malami na zagayawa yana duba littattafansu yana zaɓar wanda zai fito allo da wanda zai biyo bayansa, daga hanya mai sauƙi zuwa mai zurfi, a ƙarshe ya tattara. Kuma azuzuwansu sun kai yara 30 zuwa 40, ba 12 ba. Shi kuwa (a + b)² da ka kawo, zanen filin Malama ɗin nan shi ke maganinsa, yaro ya ga filaye biyu na ab da ya manta da su, sannan a ba shi tambaya 30 ɗin.

Baba Mai Alli:
In dai za a ba shi 30 ɗin, mun daidaita a nan. Wani abu kuma da nake roƙon malamai, fomular kwadratik ɗin nan da yara ke kira olmaiti, wato mai iko duka, a daina. Sunan bai dace ba, kuma shi ke sa yaro ya ɗauka wani abu ne da ya sauko daga sama ba a tambayar asalinsa, alhali cike gurbin lungun nan ne kawai aka yi da haruffa.

Baban Husna:
Salam malamai, na dawo bayan kwana goma. Na je na ga malamin, na tafi da tambayoyinku a rubuce. Ya karɓe ni da kyau. Maganar tattarawa a ƙarshe ya amsa cewa yana sakaci da ita in lokaci ya ƙure, yace zai riƙa ware minti biyar na ƙarshe. Zanen layukan da Injiniya ya faɗa ashe yana yi, ya nuna min na sati biyu, na ga wajen sunan Husna layi uku ne kacal. Yace shi ma abin na ransa, kuma aikinta na rubutu yana cikin mafi kyau a ajin. Suka yi yarjejeniya zai riƙa gaya mata tun kwana ɗaya kafin nan tambayar da za ta gabatar, don ta shigo da shirinta. Na sa dokar minti 20 ɗin Malama, kukan dare ya tsaya. Shekaranjiya ta dawo tana ba ni labari tun daga mota, wai an ba su √(x + 2) = x, kowa ya ninka kowane gefe da kansa ya samu x² − x − 2 = 0, amsa 2 da maines 1, yaran nan biyu har sun ce a wuce. Ita kuma ta riga ta mayar da maines 1 cikin tambayar a gida ta ga hagu ya ba da 1 dama ya ba da maines 1, ba su yi daidai ba. Tace sai da ta ƙirga har uku a ranta sannan tace ku tsaya. Suka yi kusan rabin darasin akan dalilin da ya sa ninkawa ke shigo da amsar da ba ta cikin tambayar asali. Ban ce na gamsu gaba ɗaya ba, makinta na gwajin farko bai kai yadda ta saba ba kuma har yanzu ina ganin suna tafiya a hankali. Na yanke zan bar ta zuwa ƙarshen zangon nan in ga gwaji na biyu. Na kuma saya mata littafin aljabra na gargajiya mai misalai da tambayoyi da yawa tana yi ranar Asabar, wannan shawarar Baba ce na ɗauka.

Malama 'Yar Zariya:
Alhamdulillah. A gaishe min da Husna, a ce mata abin da ta yi na mayar da amsa cikin tambaya ta riƙe shi har jami'a.

Malamin Foda:
Auta ga taki ke da 'yan karatun yamma. Wayar nan dai mita 40, amma yanzu lambun a jikin katanga yake, gefe uku kawai za a kewaye. Nawa ne fili mafi girma?

Auta SS3:
Malam mun yi mu huɗu jiya bayan la'asar. Da farko duk mun ɗauka sai gefen sun zama daidai kamar wancan, muka raba 40 gida uku muka samu wajen 177 da ɗan wani abu. Sai ɗaya daga cikinmu ta gwada 10 da 20 da 10 ta samu 200. Mun gwada 9 da 22 ya ba da 198, 11 da 18 shima 198, 8 da 24 ya ba da 192. Amsarmu 200.

Baba Mai Alli:
'Yata amsar ta yi. Amma lamba huɗu ko biyar kuka gwada, akwai 10 da rabi, akwai 9.9, akwai wasu ba iyaka. Ta yaya kuka san babu wadda za ta wuce 200? Ku duba abin da kuke rasawa duk lokacin da kuka matsa daga 10, ku rubuta min shi da x.

Auta SS3:
To Baba. Mun ga 2 ne sannan 8, in an matsa uku kuma 18 don 7 da 26 ya ba da 182. Kamar ninki biyu ne na 1 da 4 da 9. Rubutawa da x ɗin ne bamu gama ba, wata tace 200 − 2(x − 10)² wata tace ba haka ba, gobe in mun haɗu zamu buɗe bakan mu gani ko zai dawo x(40 − 2x) sai in turo hoton aikin.